Ko Yawu Ba Ya Wucewa

Yana zaune a barandar gidan likita, dogon dattijo, hannuwansa duk kanta. Ina jin masuncin tabkin Madarumfa ne. Yana tofa yawu a gwangwani, don ko yawun ba ya iya haɗiyewa.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya gama ihu a tarho da babban likita ya fito. "Lokotoro daga Maradi ya ce a ba shi kunu mai ruwa-ruwa."

Matar dattijon ta buɗe kwanon kunun da ta kawo a fusace. "Wannan tuwo ne? Ya zo ya ba shi da kansa!"

Dattijon ya kurɓa don kunyar majo. Kunun ya dawo ta hanci. Ya share, ya ce, "Mun gode."

Godiyar nan ta fi komai ƙona mini rai.