Ranar da Sabar Bagudo Ta Yi Shiru

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da direban da ba ya son hira. Kwana biyu kafin nan, daga ofishina na sabunta manhajar saba, wato uwar kwamfutocin wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Bagudo, wajen iyakar Binin. Tun daga lokacin ta yi shiru, ga shi washegarin tafiyarmu ɗalibai za su zauna jarrabawa.

A Zagga muka karya da waina mai zafi, arha kamar kyauta. Daga nan sai ramuka da gonakin shinkafa kore shar. A wani shinge jami'i ya leƙa jakata, ya ga wayoyi, nan take ya miƙo mini wayarsa wai ba ta caji.

Na tarar da cibiyar ba kowa sai wani dattijo mai gadi. Ya buɗe mini ɗakin sabar ya koma bakin ƙofa. Wayoyin sadarwa biyu ne aka haɗe su yi aiki tamkar ɗaya, in guda ta tsinke ɗayar ta riƙe. Fitilunsu na ƙyaftawa, amma ba abin da ke wucewa. Na canza wayoyi, na kashe na kunna, shiru. Abokin aikin da nakan kira in na rikice ya bar aikin bara. Na ɗauko wayata duk da haka, sai na ga ta kama layin Binin, da saƙon maraba cikin Faransanci. Saƙon nan kaɗai ne ya neme ni ranar.

Sai bayan la'asar na gano. Sabuntawar ta canza sunan kafofin biyu da wayoyin ke shiga, saitin haɗin kuwa yana ta neman su da tsohon sunan. Layi biyu na gyara a saitin, kwamfutocin zauren jarrabawar suka farfaɗo.

Dattijon ya leƙo da soyayyen kifi a takarda. "Ɗana, ta warke?"

"Ta warke, Baba."

Ya zauna a ƙasa ya sauke numfashi. "Ɗiyata na cikin masu rubutawa gobe. Ban so in hwaɗa maka ba, kar hannunka ya yi rawa."

Washegari, bayan na ga ɗalibai sun shiga, muka kamo hanyar gida. Na koyi kada in sake taɓa na'ura daga nesa ana gab da jarrabawa. Na kuma san cewa yinin da na ɗauka ni kaɗai ke cikin damuwa, mu biyu ne, ƙofa ce kawai tsakaninmu.