Kwana Uku Ina Yawo da Kwamfuta a Cinya

Mun baro Gumel ranar Alhamis ana idar da sallar asuba, ni da magatakardan ƙungiyar manoman riɗi ta Sule Tankarkar. Shi ya rungumi talabijin ɗin kwamfutar shagona, ni kuma na ɗora akwatinta a cinya, naɗe cikin bargo kamar mai masassara. Direban tasi ya dube mu ya ce kayan nan kujerar mutum guda ne, ga mai ya yi wuya, sai a galan ake samu. Ba mu ja da shi ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ina da ɗan shagon buga takardu kusa da tasha. Na daɗe ina fama da tafireta kafin bara na samu tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo. Sati biyu na yi ina shigar da sunayen 'yan ƙungiyar nan, ƙauye bayan ƙauye, da girman gonar kowa, domin a miƙa wa ofishin gona ranar Litinin a ware musu takin zamani. Duk wanda sunansa bai shiga ba, sai baɗi. Ranar Talata aka kawo wuta da ƙarfi, na ji ƙauri, kwamfuta ta ɗauke. Mai gyaran rediyon layinmu ya buɗe, ya ce babban allon ciki ne ya ƙone, wanda suke kira madabod, amma ma'ajiyar da sunayen ke ciki da alama ba abin da ya same ta. Na aika wa magatakarda ya dawo da takardun asali mu koma kan tafireta, sai ga shi da kansa ido ya yi ja: ɗakinsa ya yi yoyo, ruwa ya wanke tawadar. Sabon allo a Kano ya fi ƙarfin aljihuna. Wani ya ce mana ana shigo da na hannu ta Nijar, da araha.

Hanyar Maigatari ta yi kyau da ido. Gero ya kai gwiwa, riɗi ya fara buɗe ganye, amma kana gani ka san wasu gonakin suna neman taki, don ganyen ya soma yin ruwan ɗorawa. Magatakarda bai daina nuna min su ba har muka isa.

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis sai wanda ya gani. Raƙuma, shanu, manyan motoci sun yi layi, 'yan acaɓa na kutsawa ta ko'ina, ana ciniki da naira ana ciniki da sefa. Cukun Nijar da dabino sun fi na Gumel sauƙi nesa ba kusa ba. Mun sha yawo kafin muka samu rumfar wani Badamagare mai sayar da tsofaffin rediyo da injin ɗinki. Ya janyo kwali daga ƙarƙashin tebur, ga alluna guda huɗu duk ƙura. Na zaɓi wanda ya fi kama da nawa. Kuɗin da ya faɗa bai kai rubu'in na Kano ba, har ya haɗa min da 'yar takardar bayani. Na tambaye shi ko yana aiki.

Ya ce, "Malam, daga birni ya zo. Ni dai ban ga ya yi laifi ba."

Ban tsaya tunanin cewa bai taɓa kunna shi ba sai daga baya.

A shagon wani mai gyaran kaset da ke da janareto muka ɗaura shi. Na mayar da komai inda na ga yake a tsohon, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya, raina ya yi fari. Sai kwamfuta ta fara kuka, ƙiii, ƙiii, ba ƙaƙƙautawa, talabijin kuwa baƙi ƙirin. Na kashe, na cire, na mayar, na sake kunnawa. Sau bakwai. Muka koma wajen Badamagare, ya ce shi saye ya san ana yi, bai san mayarwa ba. Mai kaset ne ya ce akwai wata mata a Gagarawa, sakatariya a ƙaramar hukuma, wadda ta yi kwas ɗin kwamfuta a Jos, ita ce ma ke gyara ta ofishinsu. Muka ci balangu mai taurin tsiya, muka kwana gidan surukin magatakarda.

Ranar Juma'a da safe mota ta bi da mu ta Gumel. Ina kallon ƙofar shagona a rufe muka wuce. Na riga na ƙudurta ba zan sauke akwatin nan a gida ba sai yana numfashi.

Hanyar Gagarawa ruwa ya ɓata ta. A-kori-kura muka shiga tare da buhunan albasa da akuya biyu, duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga akwatin sama don kada ma'ajiyar ta girgiza. Kafin mu isa hannuwana sun mutu.

Matar 'yar Filato ce, Kirista, tun da aka ba mu jiha aka turo mijinta nan, Hausarta kuwa tas. Ta saurari labarinmu ba ta katse mu ba. Da lokacin masallaci ya yi ta ce mu je, mu same ta a gida, akwai ɗan janareto. Muna dawowa muka tarar ta shimfiɗa allon a kan tebur, ga gwaten acca ta ajiye mana. Ta kunna, kukan ya tashi, ni na fara salati. Ita kuwa ta ɗaga yatsa.

"Malam, kada ka kashe. Kukan nan magana ce. Kowane ciwo da irin kukansa. Wannan cewa take ba ta ga memori ba."

Ta zare memorin, ɗan siririn allo kamar mataji, ta goge bakinsa da abin goge fensir. Sannan ta ce tsohon allona yana aiki da guda ɗaya, wannan kuwa sai biyu-biyu. Ta shiga ɗaki ta fito da irinsa daga wata matacciyar kwamfutar mijinta, ta jera su. Ta danna. Ƙit, sau ɗaya, rubutu ya bayyana. Magatakarda ya miƙe tsaye yana kabbara.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Rubutun cewa yake batir ya mutu, ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe wa allo lissafin rana. Na fita da gudu na zaga garin, sai wajen mai gyaran agogo a bakin kasuwa na samu. Muka sa, ta gyara rana da wata, kwamfuta ta ƙirga memori, ta zo daidai inda za ta shiga ma'ajiya, ta ƙame. A sake kunnawa, ta ƙame a wurin. Madam, kamar yadda ake kiran matar, ta taɓa ƙwaƙwalwar kwamfutar, wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu a jikin allon, ta janye yatsa da sauri.

"Tana zafi. Allon yana kora ta fiye da ƙarfinta. Sai an canja jamfa."

Magatakarda ya dubi rigar jikinsa. Ta yi dariya ta nuna mana wasu 'yan baƙaƙen hulunan roba, ba su kai ƙwayar wake ba, zaune a kan ƙananan ƙafafun ƙarfe. Inda ka ɗora su shi ke gaya wa allo gudun da zai yi. Na miƙa mata takardar bayani ina taƙama. Ta buɗe, ta juya, ta miƙo min. Faransanci ce daga farko har ƙarshe, zanen kuma ya goge.

"Ba zan yi canke ba," in ji ta. "In na kuskure, ƙwaƙwalwar ta ƙone, shi ke nan. Ku nemo mai karanta wannan."

Ta rubuta min lambobin da zan nema da abin da zan danna bayan nan, ta ce memorin in riƙe har in samu nawa. Na ɗauko ɗan abin da zan ba ta, ta ɓata fuska ta ce gidanta ma riɗin manoman nan ake ci. A Gagarawa muka kwana, magatakarda ya tuna cewa a cikin 'yan ƙungiyarsu akwai wani tsoho da ya koyar a lakwal, makarantar boko ta Faransanci, a Damagaram kafin ya dawo gida noma.

Asabar muka sake ratsa Gumel, na sake kawar da kai daga shagona. Hanyar Sule Tankarkar yashi ne da jiƙa, sau biyu muka sauka muka tura mota. Mun isa da hantsi, aka aika ƙauyen Ɗanzomo aka ɗauko tsohon a babur. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a Nijar. Mai gidan kallon bidiyo ya ba mu aron janareto da benci. Kafin a haɗa waya labari ya zaga, manoma sun cika rumfar da fartanyu a kafaɗa.

Mushe ya sa tabarau mai ɗaurin zare, ya karanta a hankali, ya ɗago.

"Ɗana, ko dai takardar wani abu aka ba ka? Nan cewa aka yi a ɗora mahayin doki a kan ƙafa ta biyu da ta uku."

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuwa sai can na gane: abin da Madam ta kira jamfa, shi Faransawa ke kira mahayi, tun da zama yake a kan ƙafafun.

Na ce, "Baba, ita ce. Ci gaba, a sannu."

Yana karantawa ina duba lambobin Madam. Yatsuna sun yi kauri, sai da aka aro min hantsaki wajen wanzami. Hula uku na matsar, gumi na ɗiga a haɓata. Na sa ya maimaita, na sake dubawa, sannan na danna. Ta yi ƙit. Ta ƙirga memori. Ta zo wurin da take ƙamewa, sai na ji ma'ajiya ta fara 'yar ƙararta kamar ɓera a rumbu. Na buɗe fayil. Sunaye suka zubo.

Magatakarda ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Mushe ya ce tun da ga mutane ga sunaye, a karanta kowa ya ji. Aka yi ta kira ana amsawa, mai gyaran suna na gyarawa. Da aka gama wata dattijuwa daga bayan rumfa ta ce ba ta ji nata ba. An kira na mijinta, shi kuwa ya rasu da bazara, ita ke noma gonar da 'ya'yanta mata. Da an kai haka, ranar rabo za a nemi mai suna a rasa, buhun ya wuce. Nan take na goge na rubuta nata. Ta matso ta ce in nuna mata inda yake. Na ɗora yatsa a kan gilashin, ta daɗe tana kallo ko da yake ba ta karatu. Fura aka dama mana mai nono, ban taɓa shan mai daɗinta ba.

Da la'asar muka iso Gumel, na buɗe shagona. Lahadi firinta ta wuni tana tsiwa, Litinin da safe magatakarda ya miƙa takardu a ofishin gona kafin ma'aikata su gama gaisawa.

An ce araha ba ta ado, kuma na yarda, don abin da na rage a Maigatari hanya ta ci fiye da rabinsa. Amma allon bai yi min ƙarya ba, tun ranar farko yake faɗin ciwonsa, ni ne ban iya ji ba. Na koyi in saurara kafin in kashe, in gyara abu ɗaya kafin in taɓa na biyu, kuma kada in sake sayen abin da ba a kunna a gabana ba. Na kuma gane cewa ilimin da na zaci sai Kano, yana nan warwatse a garuruwanmu, rabi wajen wannan, rabi wajen wancan, sai dai ka ɗauki kayanka ka bi su. Jiya magatakarda ya aiko cewa taki ya iso, kuma dattijuwar nan da kanta ta dangwala yatsa ta karɓi buhunta.