Ranar da Safiyatu Ta Hau Katanga

Kwanan Safiyatu arba'in da uku cikin takaba ranar da ƙanwarta Rahmatu ta kira daga tsallaken iyaka. An idar da azahar ke nan, kuma ranar kasuwar Lolo ce, unguwar ta yi tsit, duk wani namiji mai ƙafa ya tafi.

"Yaya, ki kira da hoto yanzu-yanzu," in ji Rahmatu. "Inna ta buɗe ido, sai duban ƙohwa takai. Ni dai ban son yadda numhwashinta ya koma."

Kwana uku ke nan da Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya tafi. Abin da ya rage mata ido ne da hannun hagu. Kiran murya ba shi da amfani ga wadda ba ta iya amsawa, sai dai a gan ta ta ga mutum. Kuma kwana ukun nan, kamar da gangan, intanet ɗin gidan ya koma tafiyar hawainiya. In Safiyatu ta danna kiran bidiyo sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, can ya nuna rabin kafaɗar Rahmatu a daskare, ya yanke.

Da a wani lokaci ne, da tuni ta ɗauki mayafi ta sauka bakin ruwa, tafiyar ba ta kai ta wuni ba. Amma mai takaba ba ta kwana a wani gida, kuma Goggo, ƙanwar baban marigayi, ta tare a gidan musamman don ta ga an yi komai bisa ƙa'ida. Goggo ba muguwa ba ce, sai dai ta yi takaba sau biyu a rayuwarta, tana kuma ganin babu wanda ya kai ta sanin abin. Ko zaure ba ta barin Safiyatu ta leƙa, balle tudun bayan kasuwa inda mutane kan je neman sabis. A cikin gidan kuwa waya ita kaɗai ba ta kama abin kirki, wani lokaci ma sai ta ɗauko na Benin ta sake shi.

A wani ƙauyen masunta na ɓangaren Benin aka haifi Safiyatu. Da yaren Dendi ta fara magana, Hausa a kasuwa ta tsince ta. Ita ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma yarda su haɗa ido a gaban mutane. "Ke" ce, ko "waccan". Yarinyar kuwa ta tashi da ƙiriniya, babu mangwaron da ba ta hau ba a ƙauyen, har rufin rumbu an sha sauko da ita. In Inna ta hango ta a sama ba ta tsawa, sai ta kawar da kai ta kama kunnenta na hagu ta ja. Ma'anarsa, ki sauko ki same ni. Safiyatu ta girma tana tsoron jan kunnen nan fiye da bulalar babanta, sai da ta haifi nata sannan ta gane rabinsa tsoro ne irin na uwa.

Tana da shekara sha tara Malam Attahiru, malamin firamare, ya auro ta zuwa Lolo. Shekara ashirin da biyu ta yi tana bandar kifi a bayan ɗakinta, har matan Zagga da Geza suka san hannunta, kifinta ba ya ɗaci, ba ya saurin yin tsutsa. 'Ya'yanta uku, biyu na karatu a Birnin Kebbi, ɗaya tana aure a Zagga. Shekara biyu kafin rasuwarsa Malam ya shiga karatun digiri daga gida, shi ne ya kawo rauta, na'urar intanet, ya rataye ta a tagar ɗakinsa, ya haɗa ta da batirin sola, ya sa aka kafa doguwar gora a jikin katangar gabas da wani farin akwatin eriya a ƙolinta. Safiyatu ta yi ta mita a kan kuɗin, daga baya ita ta fi shi morar abin. Duk Juma'a sai ta kira Inna da hoto, Inna kuwa ta zauna tana kallon gefe tana tambayar ko ruwa ya fara ja a wajensu.

Yanzu Malam ba ya nan, ita ce tsaye gaban rautar tana ƙoƙarin tuno yadda yake yi. Ta kashe, ta ƙirga ashirin, ta kunna. Fitilun sabis guda huɗu ne a jere, ɗaya ce kawai ta kama, ita ma tana kyaftawa. Ta duba data, akwai ta sosai, shekaranjiya ɗanta ya saka. Ta zare layin ta goge shi da bakin zane ta mayar. Ta duba batiri, a cike yake. Ta kawo wayar dab da rautar har suna taɓa juna, ta sake kira. Zoben ya juya, ya juya, kiran ya mutu.

"Ki bar wahal da kanki, ɗiyata," in ji Goggo daga kan tabarma. "Abin da Allah ya rubuta shi za a yi. Ki yi mata addu'a daga nan, tana isa."

Safiyatu ta juya mata baya. Ta lalubo lambar Mudassiru, abokin marigayi da ke Bagudo, wanda ya kafa musu eriyar. Goggo ta ɗaga gira jin za a yi magana da namiji, amma ba ta hana ba.

Muryar Mudassiru na zuwa tana yankewa. Ya yi mata gaisuwa a gaggauce, ya tambayi fitila nawa. Ta ce ɗaya. Ya ce wa da wa ke kan layin, ko 'yan maƙwabta sun samu lambar sirri? Ta ce tun rasuwa aka canza ta. Ya ce ta bi igiyar eriya ta gani ko ɓera ya ci. Ta bi ta da hannu tun daga taga har gindin gora, lafiya lau.

"To gorar hwa, tana tsaye? Iska ba ta ka da ita ba?"

"Tsaye take daram."

"Lalle sai na zo na gani da idona. Gobe da sahe in sha Allahu."

Gobe da safe. Ta ajiye wayar a kan turmi. Kafin ta juya saƙon Rahmatu ya shigo, gajere: ta rufe ido, amma tana nan. Haushi da tsoro suka cakuɗe wa Safiyatu. Haushin rautar take ji, da na Goggo, har da na Malam da ya tafi bai koya mata komai ba sai kashewa da kunnawa.

Ladan ya kira la'asar. Ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda ta saba, ta fuskanci gabas. Ta ɗaga hannu za ta yi kabbara ke nan idonta ya sauka a kan gorar. Shekara biyu tana salla a wurin nan, kullum bayan akwatin take gani, toka-toka, da igiya na lilo a ƙasansa. Malam ma har tsokana yake yi, wai abin nan ya fi mutanen gidan riƙon alƙibla, don ƙarfen sabis a gabas yake. Yau farar fuskar akwatin ce ke kallon ta. Allah ya yafe mata sallar nan, don ba ta san me ta karanta a cikinta ba.

Tana sallamewa ta ce, "Goggo, wa yat taɓa gorag ga?"

"Awo, ai Hamani na. Ran da anka ce Innarki ta hwaɗi, kina ɗaki kina kuka, yaz zo da tsani. Yac ce ta yaya abu za shi ba garinku baya kuma a ce shi kai magana can? Shi ne yaj juya shi shi dubi Benin, don ki samu ganin ta da kyau." Goggo ta faɗi haka da alfahari, irin na wadda ɗanta ya yi abin kai.

Hamani yayan marigayi ne, masunci, mutumin kirki wanda bai iya zama ya ga ana kuka bai yi wani abu ba. A hankalinsa kuma ba shi da laifi, wanda zai kira mutum a tsallaken kogi ai wajensa yake juyawa. Safiyatu ta kira lambarsa, a kashe. Ta san yana can tsakiyar kasuwa, ba zai dawo ba sai rana ta faɗi. Ta kama gorar daga ƙasa ta murɗa da dukkan ƙarfinta, ko gezau. Hamani ya ɗaure ta tam da igiyar ragar kamun kifi a jikin wani ƙarfe da ke saman katanga. Tsanin yana nan jingine a bayan rumbu inda ya bar shi.

Goggo ta ga inda idonta ya nufa, ta miƙe da sauri fiye da yadda ƙafafunta suka saba.

"A'a! Kul! Mai takaba bisa katanga? Hanya ta a bayan nan, yanzu 'yan kasuwa ka dawowa. Mi za a ce? Mijinki ko wata biyu bai yi ba cikin ƙasa!"

"Goggo, ban hita gida ba. Katangag ga ta gida ce."

"A gane ki tsirara-tsirara bisa, kamar wata..."

"Uwata na mutuwa, Goggo."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Safiyatu ta jawo tsanin ta kafa, ta mirgino turmi ta danne gindinsa, ta ɗaure zaninta tam. Rabonta da hawa wani abu tun tana budurwa, ga jiki ya yi nauyi, tsanin kuma sai kuka yake a ƙarƙashinta. A matakala ta shida kanta ya wuce katanga. Ta hango hanya, ta hango wasu mutum biyu a kan babur da buhun shinkafa, na bayan ya taɓa na gaban, suka rage gudu suna kallo. Ta sunkuyar da kai ta kama ɗaurin. Ɗaurin masunta ne, irin wanda babanta ya koya mata a bakin jirgi, in ka san inda bakin igiyar ya ɓuya sau ɗaya ake ja. Amma Hamani ya yi shi da ƙarfin namiji, ruwan sama kuma ya jiƙa shi ya bushe. Sai da farcenta ya tsage sannan ya saki.

Gorar ta yi tangal-tangal, ta rungume ta da hannu ɗaya, iska ta zare mata ɗankwali ta jefa cikin tsakar gida. Daga nan sama ba ta ganin rautar. Ta leƙo ƙasa, sai ta ga Goggo ta riga ta isa bakin taga, ta kare ido da tafin hannu tana leƙen fitilun.

"To juya mana, mi kika jira?" in ji Goggo. "Guda ta har yanzu."

Ta murɗa a hankali. Ƙaiƙayin gorar na cin tafinta.

"Guda... biyu! Ƙara kaɗan. Ukku! Ke, kin wuce, ta koma biyu, dawo baya. Tsaya! Tsaya nan, huɗu, duk sun kama!"

Ta ɗaure yadda ta iya da yatsu masu jini, ta sauko tana tsallake matakala, ta suri wayar. Zoben bai ko gama zagaye ɗaya ba fuskar Rahmatu ta fito tar, har hawayen da ke kumatunta ana gani. Safiyatu ta gaya mata a gaggauce katanga ta hau ta gyara eriyar, Rahmatu ta juya wayar.

Inna na kwance a kan gadon gora, ta rame, bakinta ya karkace, ido a rufe. Rahmatu ta sunkuya a kunnenta ta yi mata magana da Dendi, ta ce ga Yaya nan, katanga ta hau ta gyara abin don ta gan ki. Inna ba ta motsa ba. Can fatar idon ta motsa, ta buɗe. Idon ya yi yawo kaɗan sannan ya sauka a kan wayar, ya tsaya. Wannan karon Inna ba ta kalli gefe ba. Ta dubi 'yarta ta fari ido cikin ido, ta dubi kanta da babu ɗankwali, da ƙurar katanga a goshinta. Sai hannun hagu ya taso daga kan zane a hankali, yana rawa, ya lalubi kunne ya ja.

Safiyatu ta yi wata dariya da ta karye ta zama kuka. "Na sauko, Inna," ta ce da Dendi. "Ga ni, na sauko."

Goggo ta tsinto ɗankwalin ta kakkaɓe, ta zo ta bayanta ta ɗaura mata, sannan ta zauna a gefenta. Suna nan a haka, wayar a hannun Safiyatu, fitilu huɗu a kunne, har lokacin da Rahmatu ta fara laƙƙana wa Inna kalmar shahada, su biyun suna amsawa daga wannan tsallaken.