Kwana Goma Sha Ɗaya Kafin Injin Ya Motsa

Ruwa aka wuni ana yi ranar, irin mai yayyafi da ba ya ƙarewa, kwanon garejin yana ɗiga a wuri uku. Ni da yayana muka shiga. Shi bakanike ne, ana ce masa Sannu-Sannu saboda bai taɓa gama aiki ranar da mai mota yake so ba. Ni ɗinkin kujerun mota nake yi.

'Yar wani likita da ya rasu ce ta kira mu garejin gidan babanta. Ta yaye tamfol, sai ga jar mota mai kujera biyu, doguwar gaba, marar rufi, tayoyinta sun kwanta a ƙasa. Shekara talatin da huɗu tana nan. Mijin matar yana son garejin ya buɗe shago, sun kuma yi magana: in injin ya cije, masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauka, in yana da rai, motar babanta ta zauna.

Mijin ya nuna mana mita, kilomita dubu tara kacal. Ya ce ai sabuwa ce, har ya sayo batir, a murza makulli a huta.

Yayana ya zare makullin ya jefa a aljihu. "Alhaji, zaman da ta yi shi ne ciwonta. Ka tayar da ita yanzu a bushe, ka kashe ta da hannunka."

Ya shinshina tanki, ya ce fetur ya koma kamar danƙo. Ya matsa tiyo, ya farfashe a hannunsa. Ɓeraye sun yi gida da audugar kujera, wannan kuwa aikina ne. Ya kwanta ya bi ƙarƙashinta da ƙaramar guduma, bai sami tsatsar da ta ci ƙarfe ba. Sannan ya kwance fulogogi, ya ɗura mai a kowane rami, ya ja layi da alli a kan fuli, faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin.

Kullum da safe sai ya zo ya ɗora sifana a kan fulin, ya ɗan jingina, ba ya dannawa. Mijin yana tsokanarsa wai ko shayi yake zuwa ba motar. Yayana ya ce a'a, gaisuwa dai.

Rana ta goma sha ɗaya layin allin ya gusa kamar faɗin yatsa. Ya kira matar, ya ɗora hannunta a kan sifanar. "'Yata, ja a hankali." Injin ya juya zagaye guda. Ta daɗe ba ta saki ba. Mijin ya tafi neman shago a bakin titi.

Gyaran ya ci shekara biyu. Yayana yanzu gwiwa ta hana shi shiga ƙarƙashin mota. Yana zaune a benci ƙofar garejin ɗansa, ana kawo masa kafireto yana wankewa.