Ranar da Muka Tuɓe Hulunan Kwano a Lyon

Ko zan manta da komai na tafiyarmu Faransa, ba zan manta da ranar da dattijon ikilisiyarmu ya dubi mutum kwance cikin jini ya ce bai san shi ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai zuciyata ta hau tafasa.

Majami'unmu na yankin Maradi ne suka tura mu aikin sa kai. Wata ikilisiya a Lyon ta samu tsohon gida tana son mayar da shi ɗakunan kwanan ɗalibai, ta gayyace mu mu sa hannu. Akwai magina da kafintoci, ni kuma aka ɗauke ni don girki da fenti, ko da yake masu tsokana sun ce don bakina aka tafi da ni.

A Paris muka fara sauka, wurin wani Alhaji ɗan garinmu mai sito a unguwar Aubervilliers. Ya san Kiristoci ne mu, bai dame shi ba. Ya ciyar da mu, ya haɗa mu da barguna ya ce a shimfiɗa wa ɗaliban, ya kai mu tashar jirgin ƙasa. Dattijon namu, wanda shi ne jagoran tafiyar, ya riƙe hannunsa yana ta cewa, "Ai mu duka ɗaya ne, Alhaji." Ku riƙe mini wannan maganar.

A Lyon muka kama aiki yadda muka saba gayya a gida, ana waƙa, ana tsokanar juna, ana cin abinci a kwano ɗaya. A gayya kuwa duk wanda ya zo wucewa ya sa hannu ya zama naku, ba mai tambayarsa daga ina. Wata rana da la'asar sai ga wani mutum a bakin ƙofa. Ya ce, "Salamu alaikum. Hausa nake ji, ko kunnena ne?"

Ɗan Damagaram ne, Musulmi, malamin makaranta da ya zo ƙaro karatu. Ɗakin da aka yi masa alkawari ya suɓuce, yana kwana a falon wani abokinsa, matar abokin kuma har ta fara dire kwano da ƙarfi. Ya riga ya nemi ɗaki a wannan gida da muke gyarawa, amsa yake jira. Ba mu gama gaisawa ba ya naɗe hannun riga ya kama baro.

Daga nan kullum in ya tashi daga darasi sai ya zo. Dattijon da bakinsa yake kiransa, "Malam, kawo yashi nan," da hannunsa yake tura masa nama a kwano. Abin da ba mu sani ba, ashe a can ba a shiga wurin gini sai an yi wa mutum inshora. Mu an yi mana tun kafin mu taso. Baturiyar da ke kula da aikin kuma da safe take leƙowa, ba su taɓa haɗuwa da Malam ba.

Ranar da abin ya faru yana yaɓe ne, katakon da ya taka ya zame, ya faɗo. Ƙafa ta karye, goshi ya fashe. Aka kira motar asibiti, aka kira Baturiyar. Ta zo a guje, ta dube shi, ta tambaya wane ne wannan.

Dattijon ya gyara tsayuwa ya ce mata da Faransanci, "Madam, ba mu san shi ba. Shigowa ya yi haka kawai." Sannan ya juyo gare mu da Hausa. "Kowa ya kama bakinsa. In aka ce namu ne, rufe aikin za a yi. Kuma ai ba ɗan ikilisiya ba ne."

Malam yana jin harsunan biyu. Sai ya rufe ido. Na kuwa san abin da maganar take nufi: in aka ɗauke shi a matsayin wanda ya kutsa gidan mutane ba izini, ɗakin da yake jira ya tafi, ga karaya, ga sanyi na tafe.

Ban san lokacin da na yar da burushin fenti ba. Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah! Da wane baki ba ka san shi ba? Da wanda ka ci tuwo kwano ɗaya da shi jiya? Ina wa'azin maƙwabci da kake mana kowace Lahadi?"

"Ke, rufe mini baki! Za ki jawo mana abin kunya a ƙasar mutane."

"Abin kunyar ai ka riga ka yi shi!"

Sai babban magininmu, tsoho mara yawan magana, ya tuɓe hular kwanonsa ya ajiye kusa da Malam. Ya ce, "In ba a san wannan ba, ni ma ba a san ni ba." Haka ake yi a gayya, in aka wulaƙanta mutum ɗaya kowa saɓa fartanyarsa yake. Ɗaya bayan ɗaya muka tuɓe huluna, aka bar dattijon shi kaɗai da tasa a kai. Baturiyar ba ta jin Hausa, amma ba ta buƙaci tafinta ba.

Ta yi mana faɗa sosai, kuma da gaskiyarta. Ta ce da mun faɗa mata tun ranar farko, da ta sa shi cikin inshorar ba wahala. An dakatar da aikin 'yan kwanaki, har muka taso ba mu gama fenti ba. Ikilisiyar Lyon ta ɗauki nauyin jinyarsa, ta ba shi ɗaki a ƙasan bene saboda ƙafar.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, a hoton ban kwana sai ga dattijon ya dafa kafaɗar Malam yana murmushi. Da muka dawo gida kuma ya gaya wa jama'a ni na ɓata tafiyar da rashin kunya. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba.

Na koyi cewa in ka je ƙasar mutane, ka tambayi dokarsu kafin ka miƙa wa wani baro. Amma in ka riga ka miƙa masa, ka ci da shi kwano ɗaya, to ranar da ya faɗi ita ce ranar da ya fi buƙatar ka ce ka san shi.