Mushe Yusha'u da Mutumin Cikin Littafi

Mushe Yusha'u mutum ne da kan tari damuwa tun kafin ta iso ƙofar gida. Idan hadari ya haɗu, tunanin katangarsa yake yi. Idan bai haɗu ba, tunanin gero. Matarsa Halima takan ce ko kujerar Makka aka ba shi kyauta, tambayarsa ta farko ita ce wa zai ba akuya ruwa in ya tafi.

A Atantane aka haife shi, su biyu maza wurin ubansu, shi da wansa Na Allah. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, aka ce gidansu ya ba da ɗa guda. Uban ya dubi Na Allah, ƙaƙƙarfa mai iya wuni da hauya, ya dubi Yusha'u, siriri mai yawan tari, bai wahalar da kansa ba ya miƙa na biyun. Yusha'u ya zama malamin Faransanci, ana ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ya koyar a Kona da garin Sarkin Hausa, ya ƙare a kwaleji a Tasawa. Na Allah ya zauna gida. Shi ya yi jinyar iyayensu har ya binne su, shi ya riƙe gona, kuma kowace kaka sai amalanke ta tsaya ƙofar Yusha'u da dammunan gero da buhun wake.

Da ya ajiye aiki ya koma Mayahi, sai zaman gida ya ishe shi, ya ishi Halima ma fiye da shi. Aka dace wani ƙaramin gidan rediyo ya ba shi fili ranar Alhamis bayan la'asar. Yakan ɗauko tsohon littafi cikin waɗanda ya koyar, ya ba da labarin da Hausa, sannan ya zauna ya feɗe halin mutanen ciki: wane me ya sa ya yi rowa, wance me take tsoro. Sunayen Nasara suna karya harshe, don haka yakan laƙaba musu nasa. Kowanne kuma da muryar da yake ba shi. Shirin ya karɓu, har masu shayi sukan ƙara sauti idan lokacinsa ya yi.

A kakar bara ya ɗauko wani littafi da aka rubuta a wata ƙasa mai tsananin sanyi tun kakanninsa ba su zo duniya ba. Labarin 'yan'uwa biyu ne, ƙanen ya tafi birni, wan ya zauna a gonar gado. Yusha'u ya sa wa wan suna Mai Gona, ya kuma zage wajen bayaninsa. Ya ce mutumin ba mugu ba ne, amma alherinsa nauyi gare shi. Ba ya gori da baki, da shiru yake yi. In ya ba ka hatsi, sai ka ji kamar dutse ya ɗora maka a ka.

Da aka buɗe layin masu saurare, wani makiyayi mai suna Dikko ya bugo yana dariya.

"Mushe, ina wuni? Wanga Mai Gona ai mun gane shi tun tuni. Jiya ma na gan shi bakin rijiyar Atantane. Amma kai ma, wanka ne hwa, ka sassauta mishi!"

Yusha'u ya yi ta rantsuwa cikin rediyo cewa littafin ya girmi kowa a ƙasar Mayahi. Rantsuwar ce ma ta ƙarasa ɓata lamarin, domin a wajenmu ba a taɓa ganin wanda ya yi habaici ya amsa cewa habaici ya yi ba.

Tun daga ranar Na Allah ya daina ɗaukar salularsa. Amalanken gero ta zo kamar kullum, har ta fi ta sauran shekaru cika, amma da Yusha'u ya tambayi mai amalanken ko akwai saƙo, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba a ce komai ba. Ko "a gaida mutan gida" babu. Yusha'u ya tsaya yana kallon dammunan, abinci ya fita ransa. Ɗan'uwa ɗaya gare shi a duniya, ga shi yana neman rasa shi a kan mutumin da ba a taɓa haihuwa ba.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne saura kashi na ƙarshe na littafin, kuma ya san abin da ke ciki. Mai Gona ya mutu shi kaɗai a ɗaki yana kiran ƙanensa, ƙanen bai iso ba sai bayan an rufe shi.

Halima ta ce, "Malam, ka sake ƙarshen mana. Ka ce sun shirya sun ci tuwo tare. Wa zai je ya duba?"

Ya ce ba zai iya ba. Rayuwarsa duka yana hana ɗalibai yi wa marubuci ƙarya, yanzu da furfura zai fara? In kuma ya karanta yadda yake, gobe a Atantane za a ce ya yi wa wansa fatan mutuwa a gaban duniya.

Ranar Laraba da safe ya sa littafin cikin aljihu, ya hau kabu-kabu, suka yi ta fama da yashi har Atantane. Ya tarar da Na Allah a gona yana ɗaurin harawa. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, gida da gajiya da iyali, babu abin da aka tsallake, irin wadda ake yi wa baƙo.

Yusha'u ya zaro littafin. "Yaya, dubi nan. Ga shekarar da anka buga shi. Wallahi wanda ya rubuta..."

"Mai da shi aljihu," in ji Na Allah. Ya yi gyaran murya sau biyu, kamar yadda yakan yi kafin kowace magana mai nauyi. "Kana tsammani ban da hankali? Na san Nasaran nan bai san Atantane ba, bai san ni ba. Amma gaya mini, wa ya ce mishi in zan yi magana sai na yi gyaran murya? Wa ya ce mishi ina cewa 'ba komi, mu mun saba'? Akwai shi cikin takardar?"

Babu shi. Yusha'u ya san shafukan nan kamar tafin hannunsa, babu gyaran murya, babu "mu mun saba". Shi ya zuba su, bai kuma san lokacin da ya zuba ba. Da ya nemi muryar da zai ba Mai Gona, wadda ta fi kusa da kunnensa ya ɗauka.

"Yaya, ban yi da gangan ba."

"Shi ya hi ciwo. Da gangan ne, sai in ce hushi ka yi, shi wuce. Ashe haka kake jina tun da daɗewa. In na aiko maka hatsi, dutse nika ɗora maka." Ya ja igiyar harawa ya ɗaure tamau. "Mutumin, yaya ya ƙare?"

Yusha'u ya so ya yi ƙaryar Halima, bakinsa ya ƙi. Ya faɗa masa gaskiya.

Na Allah ya ce, "To, ka karanta yadda anka rubuta. Amma ka bar mini muryata."

Washegari Yusha'u ya wuni yana gwada muryoyi a tsakar gida, ta mahauci, ta direban da ke maƙwabtaka da su, har ta tsohon daraktan makarantarsu na Kona. Babu wadda ta zauna wa Mai Gona. La'asar ta yi, ya shiga ɗakin shiri, aka yi masa alama da hannu ya fara.

Ya kawo labarin lafiya har inda Mai Gona ke kwance, wuta ta mutu a murhu, ya ɗaga kai zai kira ƙanensa. Yusha'u ya ji gyaran muryar nan yana taso masa a maƙogwaro, ya haɗiye shi da ƙyar. Babu sauran murya sai tasa, siririya mai rawa. Ya buɗe baki zai kira sunan ƙanen kamar yadda aka rubuta, amma muryar tasa kira ɗaya ta sani.

"Yaya," ya ce. Ya sake cewa, "Yaya."

Ya kasa ci gaba. Mai kula da na'ura ya buɗe layin masu saurare, Yusha'u ya zuba wa wayar ido yana jira, bai ma sani ba ko rediyon wansa a Atantane a kunne take.