Saura Mutum Ɗaya

A tashar Birnin Kudu akwai wani ɗan kamasho siriri, hularsa ta koɗe, muryarsa ta dishe. Tun hantsi yake dukan bayan mota yana cewa, "Gwaram, saura mutum ɗaya!"

Inna Safiyatu na ciki tana fifita da mayafi. Yau ake sunan jikarta a Maruta, tana tsoron ta tarar an watse. A ranta tana cewa, bawan Allahn nan ko cikin barci abin da matarsa ke ji ke nan.

"Ɗan nan, wai mutum ɗayan daga Makka zai taho?"

"Yana hanya, Inna."

Can fasinja biyu suka gaji suka sauka. Ya dubi kujerunsu, ya share fuska da hula, ya ja numfashi.

"Gwaram, saura mutum ɗaya!"